Yadda Iska Ta Bar Shi

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya kira ni biro, wato ofishinsa, da safe. Wai iska ta yi ɓarna ranar Asabar a Tsamiya Biyu, wani ƙauye can bayan Safo, a je a duba. Yau Litinin. Sai yau ya tuna.

Aiki biyu ya ɗora min. In gano ko guguwa ce ta ratsa garin ko iskar hadari ce irin ta kowace damina. Sannan a ɗauki foton duk gidan da ya lalace, don masu poroje, ƙungiyar agajin nan, sun yi alkawarin kwanon rufi da hatsi, amma gidan da ba shi da foton ɓarna ba ruwansu da shi.

Duk karatun yanayin da na yi a Yamai, ina ganin a filin jirgi zan ƙare ina karanta gajimare. Ga ni a Madarunfa ina bin katangar da ta faɗi.

Ya haɗa ni da Abdoul Aziz mai ɗaukar foto, mutumin da ko gaisuwa sai ya yayyafa mata Faransanci. Ya ce min Zahra. Na ce sunana Zahara'u. Ya yi dariya kamar na ba shi labari.

Talata, 17 ga Yuni

Mota ba esansi, ko ɗigon fetur babu a tanki. Mun wuni a gindin itacen bedi muna korar ƙuda.

Laraba, 18 ga Yuni

Mun isa da hantsi, mun tarar da gari fes. Sai da na tambayi direba ko ya ɓata hanya ne.

Abu na farko da aka koya mana a makaranta shi ne itatuwa su ne shaidu. In duk sun kwanta fuska ɗaya, daga gabas zuwa yamma, iskar hadari ce ta ture su. In sun faɗi barkatai, wannan ya haye wancan, wani a murɗe, kuma ɓarnar ta bi siririyar hanya ta bar gefe da gefe lafiya, to guguwa ce. Kwanon da ya tashi ma yana magana: inda ya faɗi, da nisan da ya yi. Aiki mai sauƙi, in an bar maka abin gani.

Ba su bar komai ba. Itatuwan da suka faɗi an faskare su, mata sun kwashe, wasu ma sun riga sun zama tuwo. Kwano an bi gonaki an tsinto, kowa ya gane nasa da tsatsarsa, an buge shi an mayar. Na tambayi dattawan da ke ƙofar maigari ina babban bedin masallaci ya fuskanta da ya faɗi. Wani ya nuna yamma, wani kudu, wani ya ce shi dai yana ƙarƙashin gado. Wani tsoho ya ce ba a nuna hanyar guguwa da yatsa, akwai masu ita a ciki. Na gode, malam.

Maigari ya ce gayya suka yi tun safiyar Lahadi. "Madam, ai ba mu iya zama muna kallon ɗakin mutum a buɗe." Ya faɗa yana jiran in yaba. Na wuce duba sauran gari don kada in faɗi abin da ke bakina.

Abin da ya rage a rushe sai gidajen waɗanda suka tafi Najeriya ba su dawo ba, da wani tsohon shago da ciyawar bara ta bushe a cikinsa. Abdoul Aziz ya yi ta ɗauka, har da kwanciya a ƙasa.

Tun saukarmu wani ya manne mana, sunansa Shamsu. Baƙin tabarau, bakin da ba ya hutawa. Irin mutanen nan da suka yi shekara biyu a Kano suka dawo da ra'ayi a kan komai. Ya ce sai mun ga wadda iska ta fi yi wa illa, innarsa, matar wan babansa, tsohuwa Ɗelu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji a gari.

Muka je. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa, rufin kwano da duwatsu a kai, tsakar gida a share har da sawun tsintsiya. Bangon gabas daga tsakiya zuwa sama sabuwar ƙasa ce, launinta ma daban. Tsohuwar 'yar ƙarama, ta kama hannuna ta ja ni ciki wai rana ta yi zafi. Gado, tukwane a jere, buhun gero a kan duwatsu, wata gora da ta ce irin wakenta ne.

"Wallahi ɗiyata ina zamne nan sai na ga sama. Kwanon ya tashi duka kamar tabarma, can gonar maigari anka same shi. Ɗiyan gari sunka taru, kahin la'asar sun ruhe mani. Da ni sunka hwara."

Haka al'adarsu take, in ji Shamsu: wanda ba shi da kowa da shi ake farawa. Ta ce marigayin ne ya gina ɗakin da hannunsa, kwanon kuma da gyaɗarsa ta ƙarshe ya saya. Duk ta faɗa min wannan ban tambaye ta ba.

Na ce, to Inna, ai ke ba abin da ya same ki, ga ɗakinki tsaye. Abdoul Aziz ko akwatin fotonsa bai ɗaga ba.

Shamsu ya biyo ni waje yana ta Madam, Madam, a sa ta mana, ita ce ta farko a asara. Rana ta dafa ni, ƙishirwa, ga aikina an mayar da shi itacen girki. Na juya gaban mutane na ce, Malam Shamsu, ni abin da na gani a ƙasa nake rubutawa. Da kuna son a sa ta, da kun bar ɗakin yadda iska ta bar shi.

Gatse na yi. Ya tsaya yana gyaɗa kai kamar mai ɗaukar karatu.

Ba mu gama unguwar arewa ba. Na ce musu za mu dawo Litinin.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na duba fotunan. Shagon nan mai ciyawa ya fito kamar an yi yaƙi a kansa. Shi zai samu kwano, mai shi kuma yana Legas ko ina.

Abu ɗaya dai da ba su iya ƙonawa ba: ramukan da saiwoyi suka bari. Jiya na zagaya su ni kaɗai. Inda ƙasa ta tashi yana nuna inda itace ya kwanta. Na bakin masallaci yamma, na bakin rijiya arewa, biyu a bayan gari sun fuskanci juna. Kuma duk a layi ɗaya, daga rijiya zuwa gonar maigari, ɗakin tsohuwar nan a tsakiyar layin. Guguwa ce. Na gaya wa shef, ya ce madalla, idonsa a kan wayarsa.

Ba wanda ya damu da sunan iskar sai ni.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ina wanki waya ta yi ƙara. Shamsu. Ban san wanda ya ba shi lambata ba, amma ina zargin mai foto.

"Madam, mun gyara."

Na ce kun gyara me?

"Mun maida komi yadda iska ta bar shi. Gobe in kun zo sai ɗauka."

Sai da na zauna. Wai sun sake tara samari, sun kware rufin gidajen da aka gyara. Na Ɗelu kuwa, don abin ya yi kyau sosai, sun ɗauki kwanon sun kai shi har gonar maigari sun ajiye daidai inda aka tsince shi. Har saman bangon sun ɗan fasa.

Na yi dariya har hawaye. Garin da ya yi gayya ya gina, ya sake gayya ya rushe. Wannan a littafi ma ba a samu. Ta bayansa ina jin muryar tsohuwa tana magana sama-sama, ban ji duka ba, sai "ɗakina" da ta yi ta maimaitawa. Ya ce kada in damu, tsufa ne, za ta kwana biyu a wurin matarsa.

Na ce masa gobe muna tafe. Iyakar abin da na ce ke nan.

Na ba Hajiya mai gidan da nake haya labarin don mu yi dariya tare. Ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ita dama ba ta san abin dariya ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Shef ya tafi da mota Maraɗi. Taron kwana biyu a otal, kan yadda za a riƙa kai ɗauki cikin gaggawa. Wallahi haka aka rubuta a takardar gayyata.

Na yi tunanin in kira Shamsu in ce su mayar da rufi. Sai na ce in na faɗa, ranar da muka je kuma me za mu ɗauka? Kuma ba ni na ce su cire ba. Manya ne, da gemunsu.

Talata, 24 ga Yuni

Tun safe na san yau ba lafiya. Zafi mai ɗanko, ganye ko motsi ba ya yi. Bayan azahar gajimare ya tashi a gabas, kansa fari ya baje, gindinsa baƙi ƙirin. Wannan ba iska ce busasshiya irin ta waccan Asabar ba. Ruwa ne, kuma mai yawa. Abin da na karanta ke nan, ba na kuskurensa.

Na kira Shamsu. A kashe. Na sake. A kashe. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yau wayarsa ta huta. Lambar maigari ban karɓa ba ranar, don ban ga abin da zan yi da ita ba. Na fita bakin titi neman kabu-kabu, kowa ya dubi gabas ya ce Madam sai dai gobe.

Ruwan ya sauko kafin la'asar, bai tsagaita ba sai magariba. Unguwa ta cika da murna, ruwan shuka ya samu, maƙwabta suna yi wa juna barka ta kan katanga. Hajiya ta jera bokitai a bakin indararo.

Ina tsaye a ƙofar ɗaki. Rufin kaina ko ɗigo ba ya yi.

Laraba, 25 ga Yuni

Ban jira mota ba, na hau kabu-kabu. Abdoul Aziz ya biyo ni a wani, wai kada a yi ba shi.

Tun daga Safo gonaki cike da mutane, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna takewa. Garin kansa ba kowa sai tsofaffi da awaki.

Sauran gidajen da aka kware duk sun tsira. Kwanonsu a tsakar gida yake, da hadari ya taso maza suka yi maza suka ɗora suka danne da duwatsu. Na Ɗelu yana gonar maigari. An aika a ɗauko, iska ta riga ta taso, kuma ba mai ɗaukar kwano a ka cikin iska sai wanda ya gaji da wuyansa. Ruwa ya zuba a ɗakin kamar a kwarya. Sabon bangon ya fara tafiya, ya ja tsohon.

Ba ɗaki. Tulin laka ne, ƙafar gado ta leƙo daga ciki. Tukwane sun farfashe. Gorar irin wake ta fashe, waken ya kumbura a cikin taɓo, a ranar da kowa ke shuka.

Tana zaune a kan turmi, ta shimfiɗa tabarma tana baza geron da aka tono, ya riga ya fara tsami. Ta gan ni ta yunƙura za ta tashi. Ta tambayi hanya, ta tambayi gida, ta aika maƙwabciya ta kawo min ruwa. Sannan ta nuna tulin da haɓa.

"To ɗiyata, ga shi nan. Ɗauki."

Na duba fuskarta ina neman gatse. Babu. Da gaske take, so take kada wahalata ta tashi a banza.

Na ce, Inna, don me kika yarda? Muryata ta fito da faɗa, ban yi niyya ba.

"Na ce masu su bar mani abina. Sunka ce Madam ce ta ce."

Na tafi wurin maigari na ce a yi gayya gobe, ai sun iya. Ya dube ni kamar ban taɓa ganin damina ba. Waccan gayyar an yi ta ne ƙasa na bushe, hannu ba aiki. Yanzu kowa na shuka, daga shuka sai noma, kuma ginin ƙasa ba ya bushewa ana ruwa. Sai bayan kaka, in Allah ya kai mu. Kafin nan tana madafar matar Shamsu, ɗakin girki, an ture itace gefe an sa mata tabarma.

Shamsu yana gona. Na tabbata ya ji ƙarar babur, bai zo ba. Gara da bai zo ba.

Da na koma na tarar Abdoul Aziz ya sa tsohuwar ta matsa kusa da ƙafar gadon, wai haske ya fi kyau a nan. Ya nuna min foton yana murna, ya ce duk aikin nan ba mu samu kamarsa ba. Na ce ya rufe min baki. Da Hausa na faɗa, ya kuma ji.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ban je biro ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 14 ga Yuli

Kayan poroje sun iso, mun kai Tsamiya Biyu. Foton Ɗelu ne a bangon rahoton, a ƙasansa an rubuta ɓarnar guguwa. Shef ya yaba min gaban kowa, ya ce irin aikin da ake so ke nan. An tafa.

Shagon ciyawa ya samu kwanonsa, ƙanin mai shi ya karɓa baki har kunne. Gidajen da suka yi maza suka rufe kafin ruwa ba su samu komai ba, ba foto. Masu su suna tsaye suna kallo.

Kwanon Ɗelu an jingine shi a bayan madafa, sabo fil, yana ɗaukar ido. Ba bangon da za a ɗora shi. Tsohon kwanon marigayin ma an ɗauko daga gona, ta sa an ajiye mata shi a gefe, ta hana a taɓa.

Ta rame. Tari take, hayaƙin girkin safe da na yamma duk a kanta yake ƙarewa. Matar Shamsu na shiga tana fita tana tsallake ƙafafunta, ba sannu. Tsohuwar ta kama hannuna da hannu biyu ta yi ta sa min albarka, wai ta dalilina ta samu rabo. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Na bar mata irin wake da na saya a kasuwa. An ce bai makara ba. Ba wani abu ba ne, a hanya na gan shi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Iska ta taɓa wani ƙauye ta wajen garin Sarkin Yamma jiya da yamma. Abin mamaki yau akwai esansi.

Iskar hadari ce wannan, komai ya kwanta yamma, ko daga cikin mota na gani. Su ma sun riga sun fara sare itatuwan. Ba sa canzawa mutanen nan.

A gidan farko mun tarar da maza sun bar gona suna kan rufin wani makaho suna buga ƙusa. Da suka hango motar sai guduma ta tsaya. Labari ya riga mu zuwa, ashe. Ɗaya ya fara zare kwanon da ya buga, wani ya leƙo ya ce, "Madam, mu cire ko?"

Ban san lokacin da na fita daga mota ba. Direba ya ce har bakin rijiya an ji muryata. Na ce wanda ya zare ƙusa ɗaya a gidan nan sai na ga bayansa. Suka tsaya suna kallona kamar sabuwar mahaukaciya.

Na sa Abdoul Aziz ya ɗauki sababbin ƙusoshi, da lanƙwasar kwano, da mutanen a kan rufi. Ya ce masu poroje ba za su karɓi wannan ba. Na ce su zo su gaya min da bakinsu. Na rubuta gidan a cikin waɗanda suka lalace, da duk wanda na tarar an gyara. Gobe za a yi ta da shef. A yi.

Ba tausayi ba ne. Gabas na duba, akwai hadari.

Sun yi ta jan aiki, ga surutu, ga ƙusa a karkace, mutum biyar a kan abin da biyu za su yi. Ba mu bar garin ba sai da aka danne kwanon ƙarshe. Ni na riƙe musu tsani. Ƙafarsa ɗaya gajera ce, shi ya sa.